2.3 Tasirin Ayyukan Lambo a Fagen Taɓin Hankali

A shekarar 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya kafa tsarin jinyar ƙauye a Aro, Abeokuta, inda masu taɓin hankali suka riƙa zama tare da danginsu, likitoci kuma suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya. Haɗin guiwarsa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell shi ya haifar da littafin Psychiatric Disorder among the Yoruba (1963). Sai dai ma'aunin binciken an aro shi ne daga wanda Leighton ya gudanar a Kanada, kuma aikin bai wuce ƙasar Yarbawa ba. A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, akan danganta hauka da iskoki ko sammu, a fara kai majinyaci wurin malamai ko 'yan bori kafin asibiti. Wannan giɓi ne nazarin nan zai yi ƙoƙarin cikewa.