Alƙalin Littafi da Alƙalin Zahiri

Akwai wani giɓi a adabinmu na zamani da nake so mu duba, wato yadda marubuta suke nuna kotu.

A Ruwan Bagaja (1934) da Magana Jari Ce, Abubakar Imam yakan gurfanar da mai laifi gaban sarki ko alƙali, a ji ta bakin kowa, a yanke hukunci nan take. Wannan ya dace da tsarin hikaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne marubutan yau su ci gaba da bin wannan salo, alhali kuwa kotun da talaka ya sani ba haka take ba.

Ga yadda abin yake. 'Yan sanda su kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara. Sai ya tura shi gidan kaso, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a neman shawara. Daga nan sai jira. Ran da aka zauna, ko shaidu ba su zo ba, ko babu motar kawo fursuna, ga alƙali ɗaya da tulin ƙararraki yana rubuta kome da hannu. Shi ya sa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi.

Ba doka aka rasa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kowane ɓangare neman ɗaga ƙara fiye da sau 5, kuma Jihar Kano ta yi tata a 2019. Amma doka a takarda ba ta ƙara yawan alƙalai.

A ganina, jigon yana cikin wannan jira: matar da ba a saka ba kuma ba ta da miji a gida, gonar da ta koma saura, mutumin da ya daɗe a Kurmawa fiye da wa'adin da za a yanke masa in an same shi da laifi. Marubucin da ya tsallake wannan ya kai mu ranar hukunci, ya bar jaki yana dukan taiki. Saura ga masu alƙalami a cikinmu.