Suna Linzami: Bin Diddigin Baƙin Sunaye a Zangunan Salaga, Yendi da Bawku

A unguwar Osu ta birnin Accra akwai gidajen da har gobe suke amsa sunaye irin su Quist da Richter da Wulff. Sun gaje su ne daga Turawan da suka yi wa ƙasar Danmak aiki a sansanin Christiansborg, suka auri matan ƙabilar Ga, kafin Danmak ta sayar wa Ingila wuraren nata a 1850. Ɗan irin wannan gida in ya tashi neman tushen sunansa, yana da littattafan coci da takardun gwamnati da zai duba. Shi kuwa ɗan zango na arewacin Ghana, abin da ke hannunsa bai wuce bakin tsofaffi da 'yan takardun da ke gafakar malamai ba. Amma sunan zango ma yana ba da labari, muddin an fara da tambaya guda: wa ya raɗa shi?

Akwai sunan da mutum ya ba kansa. Dubi Alhaji Umaru, shahararren malamin nan da aka haifa a Kano, zuriyarsa ta fito daga Kabi. Ya bi ayarin fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga, basasar 1892 ta tarwatsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. A rubuce-rubucensa ana kiransa al-Kabawi, al-Kanawi, al-Salagawi. Kowace nasaba zango ce a tafiyar gidansu, kuma shi ya yarda da ita. Irin wannan suna ya fi kowane ƙarfin hujja.

Akwai kuma sunan da aka liƙa wa mutum. Lokacin da Turawan mulki ke ɗaukar soja da ɗan sanda, akawu yakan rubuta sunan yanka, ya ɗora masa na ƙabila: Moshi, Dagomba, Busanga, Gurunshi. Haka aka sami Alhaji Grunshi, sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a Togo cikin Agustan 1914. Gurunshi kuwa kalma ce da baƙi suka haɗe Kasena da Sisala da maƙwabtansu a cikinta, mutanen da hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka kwaso, aka sayar da da yawansu a kasuwar Salaga. Saboda haka wannan suna a gida yana iya nuna aikin soja, yana iya nuna bauta, yana iya zama kuskuren akawu kawai. Haka Busanga yake a Bawku: masu shi Bisa suke kiran kansu.

Na uku shi ne sunan da harshe ya tanƙwara. Imoro da Bukari da Issifu da Braimah ba baƙi ba ne. Umaru ne da Abubakar da Yusufu da Ibrahim, bayan sun daɗe a bakin Dagomba da Gwanjawa da Mamprusi. Alƙalamin Bature ya ƙara nasa: Jamusawa, da suka riƙe Yendi har 1914, Jendi suke rubuta garin. Wanda ya tarar da sunan kakansa a tsohuwar takarda da wani irin rubutu, ya fara karanta shi da babbar murya a gaban tsohuwar gidan kafin ya yanke hukunci.

Babban haɗarin wannan bincike shi ne son zuciya. Kowa yana so asalinsa ya kai ga sharifi ko madugu, ba mai son ya tsaya a kan bawa. Gidaje da yawa sun binne sunan da ke da ciwo, sun ɗauki na ubangida. Ni a ganina ba abin kunya ba ne a ce kakan mutum an kawo shi Salaga a ɗaure, ya rayu, ya kafa gida. Kunyar tana ga jikan da ya ƙi tambaya.

Don haka duk mai irin wannan suna ya je wurin gwaggo da kawu da limamin unguwa, ya ɗauki muryarsu a waya, ya tambayi laƙabi da kirarin gida da garin da ayari ya taso, sannan ya gwada maganar wannan da ta wancan. Takardun Osu suna iya jiran mai bincike shekara ɗari. Tsofaffin zango ba za su jira ba.