Masu karanta asali a tsoffin takardun Alabar

A Alabar, cikin Zongon Kumasi, akwai dattawa da malamai da ake kai wa tsohuwar adaka idan zancen gida ko gado ya rikice. Su zazzage takardun da gara ta fara ci, su jera su a tabarma, kafin la'asar sun gaya maka wa ya haifi wa. Aikin nan yana burge ni, domin ilimi uku yake haɗawa: fiƙihu, karatun boko da sanin mutane.

Kayan aikinsu na farko takardar hayar fili ce. Bayan yaƙin 1900 Turawa sun riƙe filayen Kumasi, har 1943 da aka mayar da su hannun Asantehene, sarkin Asante. Saboda haka gida ɗaya kan bar sawu a wurare da yawa: rumbun adana takardun gwamnati, na fadar Asantehene ta Manhyia, da ofishin filaye. Annobar 1924, wadda ta sa aka rushe wasu gidajen Zongo aka gina sababbi, ita ma ta sauya wa iyalai matsuguni. Matsalar ita ce akawun da ya rubuta sunayen ba ya jin Hausa. Salihu ya koma Salifu, Abubakar ya koma Bukari, Garba ya koma Gariba. Ga kuma al'adarmu ta mayar wa jika sunan kaka, har a sami Musa uku a gida ɗaya. Gwani ba ya yarda da suna shi kaɗai. Sai ya haɗa shi da lambar fili, da shekara, da sunan garin da mutum ya liƙa wa kansa, Kano ko Katsina, da shaidun da suka dangwala yatsa, don galibi surukai ne ko maƙwabta.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne takardar rabon gado, wadda malamai kan rubuta da Larabci ko ajami. Ko da gefen da ke ɗauke da sunaye ya yage, lissafin yana magana. Idan matar mamaci ta sami tumuni, ya bar ɗa ko 'ya, ko jika ta wajen ɗa namiji. Idan rubu'i ta samu, bai bari ba. Idan an raba tumunin biyu, mata biyu ya bari. Kason da ya ninka wani yana nuna namiji a gefen mace. Wanda aka yi wa wasiyya daga cikin sulusi kuwa ba magaji ba ne, wataƙila agola ne, ko almajiri, ko yaron gida da ya yi shekaru yana ɗaure huhun goro. Da wannan kaɗai ake tayar da gida guda a takarda, sannan a je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gwada da abin da ta riƙe a ka. In an sami saɓani, gwanin kirki ba ya gaggawar ƙaryata ta.

Mutanen Zongo sun san tsadar wannan sani. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya; da suka je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman da ta kashe shari'ar. A Nuwamba 1969 umarnin gwamnatin Busia na korar baƙi ya kwashe dubban mutane, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Gana. Har yau mai neman katin ɗan ƙasa ko fasfo daga Zongo yakan sha tambaya kan inda aka haifi iyayensa da kakanninsa.

Don Allah, duk mai irin wannan adaka a gida ya buɗe ta, ya ɗauki hoton kowace takarda da waya, ya kai wa masu iya karanta ta tun suna raye, ya kuma tafi da yaro ɗaya da zai zauna ya koya.