"Ai Salo Ne Kawai": Nazari a Kan Kalmar da Masu Wa'azi Suke Fakewa da Ita

Gabatarwa

Kalmar salo ba ta rabuwa da bakinmu a ajin koyon wa'azi da kuma taron dattawan ikkilisiya, amma da wuya mu tsaya mu tambayi abin da muke nufi da ita. Malami ya ce da ɗalibi ya lura da salon annabi Amos. Fasto ya shafe sa'a biyu a kan mumbari, da aka yi masa magana ya ce, "Ai salona ke nan." Matasa sun shigo da jita cikin sujada, dattijo ya girgiza kai ya ce sabon salo ne. A rediyo kuma mu ji an ce 'yan damfara sun ɓullo da wani salo. Kalma ɗaya ce a duka wuraren nan huɗu, amma a na farko tana nufin yadda aka gina magana, a na biyu halin mutum, a na uku yayi, a na huɗu kuwa dabarar cuta.

Cakuɗa waɗannan ma'anoni yana jawo ɓarna iri biyu. Idan muna so mu yi watsi da abu, sai mu ce "salo ne kawai", kamar salo riga ce da ake tuɓewa a bar saƙo tsirara. Idan kuma muna so mu kāre kanmu daga gyara, sai mu ce "salona ne", kamar salo jini ne da ba a iya canzawa. A wannan darasi za mu bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, mu auna kowace da Littafi Mai Tsarki.

Salo a matsayin ginin magana

Manazarta adabin Hausa sun daɗe da bambanta jigo da salo. Jigo shi ne abin da aka faɗa, salo kuma hanyar da aka bi aka faɗe shi: kamance, siffantawa, kambamawa, habaici, zaɓen kalmomi da jerin su. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya sa wa littafinsa suna Salo Asirin Waƙa, kuma sunan kaɗai ya isa darasi. Wannan bambanci yana da amfani a aji. Matsalar takan taso ne idan mai wa'azi ya ɗauka zai iya tsame jigo daga nassi ya zubar da sauran, kamar mai tace koko ya zubar da dusa.

Mu duba Amos sura 1 da 2. Annabin yana magana da mutanen mulkin arewa, wato Isra'ila, amma bai fara da su ba. Ya fara da Dimashƙu, ya bi ta Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, kowace da laifinta da hukuncinta, a kan tsari iri ɗaya da yake maimaitawa. Masu sauraro suna jin ana kama maƙiyansu, ba mamaki suna gyaɗa kai. Na bakwai ya ambaci Yahuza, 'yan'uwansu kuma abokan hamayyarsu, har ana iya zaton magana ta ƙare. Sai ga na takwas, Isra'ila kanta, kuma nata ƙarar ta fi ta kowa tsawo. Wanda ya amince da hukuncin bakwai na farko ba shi da bakin musun na takwas. Jigon shi ne Allah zai hukunta mutanensa saboda zaluntar matalauta. Amma mai wa'azin da ya tsallake zuwa 2:6 ya karanta aya ɗaya, ya ba jama'a labarin tarko ne bayan ya kwance shi. Haka Natan ya yi da Dawuda a 2 Sama'ila 12, ya bar sarki ya yanke wa kansa hukunci kafin ya san da wa ake. Haka kuma Ishaya 5 ta fara kamar waƙar ƙauna game da gonar inabi, ta ƙare a matsayin ƙara a gaban shari'a.

A Ishaya 5:7 akwai abin da fassara ba ta iya ɗaukowa. A Ibrananci abin da Allah ya nema shi ne mishpat, wato shari'ar gaskiya, abin da ya samu kuwa mispah, zub da jini. Ya nemi tsedaka, adalci, ya samu tse'aka, kururuwar wanda aka zalunta. Bambancin lafazin ɗan kaɗan ne, kuma a nan ma'anar take: daga nesa al'ummar ta yi kama da mai adalci, sai an matso ake jin kuka. Bahaushe ya san irin wannan wasa da harshe. Mai wa'azin da ya san da shi zai nemi hanyar da jama'arsa za su ji shi da kunnensu.

Rashin gane salon nassi yana kuma raunata mutane. Karin Magana 22:6, a kan tarbiyyar yaro, mun sha jin ana wa'azinta kamar alkawarin da ba ya tashi, har iyayen da ɗansu ya kauce su koma gida da nauyin laifi a kansu. Alhali karin magana tana faɗin abin da aka saba gani ne, kuma sai mai hikima ya san lokacin da kowace ta dace. Shi ya sa 26:4 ta hana a ba wawa amsa, 26:5 kuma ta ce a ba shi, suna jere da juna. Mu ma mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse, mu kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ba wanda ya taɓa cewa Hausawa sun yi tufka da warwara. Wanda ya karanta karin magana kamar doka, ko Wahayin Yahaya kamar labaran jarida, bai fi kowa girmama nassi ba. Ya ƙi sauraron yadda nassin ya zaɓi ya yi magana ne.

Salo a matsayin hannun mutum

Kalmar Turanci da muke fassarawa da salo ta fito ne daga kalmar Latin stilus, tsinken da ake rubutu da shi a kan allon kakin zuma. Daga alƙalami ma'anar ta koma ga hannun mai riƙe da shi. Wannan ma'ana gaskiya ce, kuma Ruhu Mai Tsarki bai shafe ta ba. Markus yana gudu: kalmar Helenanci mai nufin "nan da nan" ta fito fiye da sau 40 a Bishararsa, kuma shi ne yake lura da matashin da Yesu ya ta da kai da shi a jirgi (4:38) da ɗanyar ciyawar da taro suka zauna a kai (6:39). Luka kuwa ya buɗe tasa da jimla guda doguwa, ayoyi huɗu, cikin gogaggen Helenanci irin na masu rubuta tarihi. A labarin mace mai zubar jini, Markus 5:26 ya ce ta sha wahala a hannun likitoci har cutar ta ƙaru, Luka 8:43 kuma ya taƙaita da cewa ba wanda ya iya warkar da ita. Tun ƙarni na 3 Orijen na Iskandariya ya lura cewa Helenancin wasiƙar Ibraniyawa ya bambanta da na Bulus. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma Allah ya yi amfani da kukan kowanne.

Saboda haka ba ma bukatar dukan ɗalibanmu su fito da murya ɗaya. Mai sanyin magana kada ya tilasta wa kansa ihu, mai zafi kuma kada ya ji kunyar zafinsa. Amma mu lura cewa Bulus ɗaya ne ya rubuta Galatiyawa, inda ya tsallake godiyar da ya saba buɗe wasiƙu da ita ya shiga tsawatawa kai tsaye, shi ne kuma ya rubuta wa Filimon da lallashi, har yana wasa da ma'anar sunan Unisimas, wato mai amfani. A majami'ar Antakiya ta Bisidiya ya bi tarihin Isra'ila (Ayyukan Manzanni 13), a Atina kuma ya fara da bagaden da ya gani a birnin, ya kawo maganar mawaƙansu (sura 17). Hannunsa bai ɓace ba, amma yana lanƙwasa shi gwargwadon masu sauraro. Wanda ya ce "salona ne" don a ƙyale shi ya hau mumbari ba shiri, ko ya yi wa wani dattijo habaici a gaban jama'a, ya ari sunan salo ne ya lulluɓe lalaci ko ƙiyayya. Natan ya je wurin Dawuda ne ido da ido, kuma Matiyu 18:15 ta nuna mana inda ake fara gyara ɗan'uwa.

Salo a matsayin yayi

A nan ne ikkilisiyoyinmu suka fi samun rikici, kuma laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Akwai matashin fasto da ya kwaso komai daga masu wa'azin talabijin: jan murya, neman "Amin" bayan kowace jimla, da wa'azi da Turanci tare da tafinta a ƙauyen da kowa yake jin Hausa. Rigar aro ba ta rufe katara. Tsohuwar da ta tako daga nesa don ta ji Maganar Allah tana samun rabin wa'azi ne, shi ma daga bakin wani.

Akwai kuma dattijon da yake ganin abin da ya tarar shi ne bangaskiya kanta. Ya kamata mu tuna cewa da yawa daga waƙoƙin da muka gāda fassara ce daga Turanci, aka bar su a kan karin waƙar Turawa wanda ba ya la'akari da hawa da saukar muryar Hausa, alhali wannan hawa da sauka ne kaɗai yake raba kuka na hawaye da kuka ta miya. A wurare da dama an taɓa hana ganga a sujada, yau kuwa kiɗan tulu na Zumuntar Mata ya zama abin da muke kira namu na gargajiya. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dokta Walter Miller yake cikin manyan masu aikinta, ta ce Matta, Yohanna da Misalai. Ta 1979 ta ce Matiyu, Yahaya da Karin Magana. Har yau akwai masu jin cewa ta farkon ta fi tsarki domin da ita suka haddace ayoyi. Ƙaunar da suke yi mata abar girmamawa ce, amma ita ma sabon salo ce a ranar da ta fito. Tambayar da ta dace a taron dattawa ita ce ko abin yana taimakon wannan jama'a su ji Maganar su amsa ta. Shekarun abin ba su isa hujja ba, ko a wajen karɓa ko a wajen ƙi.

Salo a matsayin dabara

Wasu sukan kawo 1 Korantiyawa 2:1-5 su ce Bulus ya yi watsi da gwanintar magana gaba ɗaya, don haka koyon salo aikin jiki ne. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya koyar da fasahar magana a Kartaj, Roma da Milan kafin ya tuba, ya amsa wannan a kashi na huɗu na littafinsa kan koyarwar Kirista, wanda ya kammala wajen shekara ta 426. Ya nuna yadda Romawa 5:3-5 take hawa kamar tsani, kowace kalma tana taka ta bayanta, ya kuma feɗe 2 Korantiyawa 11 da Amos 6. Ya bi Sisero ya ce aikin mai magana uku ne, ya koyar, ya jawo hankali, ya motsa mutane su aikata, kuma kowanne da irin muryar da ta dace da shi. Hujjarsa ita ce, idan masu ƙarya suna amfani da wannan makami, bai kamata masu gaskiya su tsaya hannu wofi ba.

Abin da Bulus ya ƙi shi ne ma'ana ta huɗu. A 2 Korantiyawa 4:2 da 1 Tasalonikawa 2:5 ya ambaci makirci, daɗin baki da kwaɗayin da ake ɓoyewa. Mun san wannan salon a zamaninmu: kiɗa mai taushi da ake sakawa daidai lokacin baiko, shaidar da aka ƙara mata gishiri, annabcin da aka gina a kan abin da aka riga aka ji daga bakin maƙwabta. Yaya za mu raba wannan da tarkon Natan, tun da dukansu dabara ce? Natan ya buɗe tarkonsa da kansa a aya ta 7, kuma Dawuda ne ya ci ribarsa, gama ya kai shi ga tuba. Mai damfara ba ya taɓa buɗe nasa, domin ranar da aka gane shi ranar ya daina aiki. Ga ma'auni ke nan ga kowane mai hidima: idan bayan sujada za ka iya bayyana wa jama'a dalilin da ya sa ka jera wa'azinka haka ba tare da ka sunkuyar da kai ba, salonka halal ne. Idan kuwa sai an ɓoye musu zai yi aiki, ka bar shi.

Kammalawa

Duk lokacin da kalmar salo ta fito a tsakaninmu, mu fara tambayar wace ma'ana ake nufi. Ta farko wajibi ce a kan duk mai buɗe nassi, domin yadda Allah ya faɗi magana yana cikin abin da ya faɗa. Ta biyu baiwa ce da take bukatar horo. Ta uku a auna ta da amfanin jama'a, a kuma yi haƙuri da juna a kanta. Ta huɗu ba ta da wuri a kan mumbari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku karanta Amos 1:3 zuwa 2:16 da murya. Yaya za ku tsara wa'azi a kai ba tare da kun tona ƙarshen tun farko ba?

2. A rikicin sujada na baya-bayan nan da kuka sani, wace ma'anar salo kowane ɓangare yake nufi?

3. Ku ɗauki wa'azinku na ƙarshe. Akwai wani abu a cikinsa da ba za ku so jama'a su san dalilin sa shi ba?