Tsokaci Kan Binciken Grébénart Game da Narkar da Tagulla a Ƙasar Agadas

Wani malamin makaranta a nan Nahuce ya tambaye ni ko ya dace ya koya wa ɗalibansa cewa tun wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ake narkar da tagulla a ƙasar Agadas. Na ce masa ya dakata tukuna.

Wannan magana ta samo asali ne daga haƙe-haƙen Danilo Grébénart, Bafaranshen da ya yi aiki a Afunfun da kewayenta, ya kuma wallafa littafi a 1988. Ya kasa abin da ya gano zuwa zamani biyu. Na biyun, wanda ya faɗo cikin shekaru 1,000 na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa, yana da hujja mai ƙarfi, domin ga matoya, ga kashin ƙarfe, ga kayan da aka ƙera. A nan marubucin ya cancanci yabo.

Zamanin farko ne nake da ja a kansa. A 1988 ɗin, David Killick da abokan aikinsa, har da shi Grébénart, sun sake auna kayan, suka nuna cewa da yawa daga abubuwan da aka ɗauka matoya ne, kututturan itatuwa ne da suka ƙone a ƙasa. Gawayin tsohon icce kuwa shekarun iccen yake nunawa, ba ranar da aka hura wuta ba.

Abu na biyu, matoya ba ta faɗin wanda ya tsara aiki. Mu a ƙasar Hausa mun san Sarkin Maƙera, mun san maƙeran baƙi masu aikin tama da maƙeran fari masu tagulla da azurfa, sana'a ta gado daga uba zuwa ɗa. To amma kuskure ne mu ɗora wannan tsari a kan mutanen Afunfun ba da shaida ba. Ko a Takedda, da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, bayi maza da mata ya ce suna narkar da tagulla a cikin gidaje, a zuba ta sanda-sanda, a yi ciniki da ita, a kai har Gobir da Barno. Ashe tsarin sana'a yana sauyawa daga wuri zuwa wuri.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce su koyar da zamani na biyu da labarin Takedda, su kuma bayyana wa ɗalibai dalilin da ya sa aka jingine na farko. Dattawanmu na Bungudu da Tsafe da Gusau kuwa, su taimaka mana da tarihin gidajen maƙera tun ana iya samunsa.