Gyaran kuskure daban, sauya ra'ayi daban

Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wasa ne na baki da takarda. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa da jaruminsa a rubuce, ɗaya ya zama jagora yana ba da labari yana yanke hukunci, ana jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20 don a ga ko sara ya kama. Dokokin kuwa tuli ne. Littafin 'yan wasa na bugun 2014 kaɗai ya haura shafi 300, kuma littafi mai wannan kauri ba ya fita daga maɗaba'a babu tuntuɓe. Tun 1979 mujallar Dragon ta buɗe fili mai suna Sage Advice inda ake amsa wasiƙun waɗanda doka ta ɗaure wa kai.

Ba ni da ja a kan gyara. Idan an buga 6 a gurbin 8, ko jadawali ya saɓa wa bayanin da ke ƙarƙashinsa, a fitar da takardar gyara, a saka a bugu na gaba, shi ke nan. Abin da ke damuna shi ne yadda a 'yan shekarun nan ake cusa sauya ra'ayi a cikin buhun gyaran kuskure.

Ga misali. A bugun 2014 akwai wata baiwa mai suna Shield Master, wadda ke ba mai garkuwa damar ture abokin gaba idan ya zaɓi kai hari a zagayensa. Littafin bai fayyace wanne ke gaba ba, turewa ko sara. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne: in ka fara kayar da mutum ƙasa, za ka jefa ƙwaya biyu ka ɗauki mafi girma a duk saran da ya biyo baya. Jeremy Crawford, wanda ke riƙe da dokokin wasan a kamfanin Wizards of the Coast a lokacin, ya fara cewa a Twitter ana iya turewa tukuna. Mutane suka gina jarumansu a kan wannan amsa. Bayan 'yan shekaru ya dawo ya ce a'a, sai an kai hari kafin a ture. Harafi ɗaya bai motsa a littafin ba, amma jarumin da ka yi wata da watanni kana reno ya wayi gari da rabin ƙarfinsa. A 2019 kamfanin ya bayyana cewa amsoshin Twitter ba hukunci ba ne a hukumance, sai abin da ya shiga kundin Sage Advice. An makara, domin 'yan wasa sun riga sun koyi zaro waya a tsakiyar faɗa su ce wa jagora, "Ai Crawford ya ce."

Wannan ɗabi'a ce ta fi yi wa wasan illa. Tun asali jagora ne alƙali, littafin ma da kansa ya ba shi wannan iko. Doka mai harshen damo ba kullum take zama aibi ba. Wani teburin yana son jarumai su yi bajinta, wani yana son su sha wuya, kowanne sai ya karanta ta yadda ta dace da shi. Da zarar an saba jiran hukunci daga ofis, sai jagora ya koma magatakarda.

Sannan ga littattafan intanet. A Disambar 2021 wata takardar gyara ta cire sakin layi da dama daga littafin Volo's Guide to Monsters, na bayanin halayen wasu dodanni. Wataƙila akwai hujjar cirewa, wannan muhawara ce ta daban, amma ba kuskuren ɗab'i ba ne. Mai littafin takarda nasa na nan yadda ya saya. Wanda ya saya a shafin D&D Beyond kuwa, tamkar tela ne ya shigo ɗakinsa da dare ya rage wa rigar da ya riga ya biya hannu. A Agustan 2024 ma shafin ya sanar zai maye gurbin tsafe-tsafen 2014 da na sabon bugu a takardun jarumai, sai da masu saye suka yi ca sannan aka janye.

Gara min abin da aka yi a 2003. Bugu na uku ya fito a 2000, matsaloli suka bayyana, aka sake buga littattafan da lamba 3.5 ɓaro-ɓaro a bango. Mutane sun yi ƙorafin sayen littafi sau biyu cikin shekara uku, kuma suna da gaskiya. Amma kowa ya san da wace doka yake wasa, wanda bai so sabuwar ba ya ci gaba da tsohuwar, babu wanda ya taɓa masa ita.