Casino Royale: Ina mai banki ya shiga?

Mai karatu, duk wanda ya kalli Casino Royale, fim ɗin James Bond na 2006 wanda Martin Campbell ya ba da umarni, zai gaya maka cewa gudun da aka yi a kan ƙarafan gini a farkon fim ɗin ya burge shi, amma abin da ya ke tunawa bayan shekaru shi ne teburin karta. Daniel Craig na zaune, Mads Mikkelsen na kallon sa da ido mai zubar jini, ga dala miliyan 115 jibge a tsakiya. To, a kan wannan tebur ɗin na ke da ƙorafi, domin a nan ne marubutan fim ɗin su ka yi wa littafin Ian Fleming aski, har su ka haɗa da kunne.

Bari mu koma littafin, wanda ya fito a 1953. A cikin sa ba foka ake yi ba, bakara ce, a wani ƙagaggen gari na bakin teku a arewacin Faransa. Dokar wasan ba ta da wuya. Ana raba kati biyu-biyu, wanda jimillar sa ta fi kusa da 9 shi ya ci. Goma da sarki da sarauniya da jak duk sifiri ne, in jimilla ta wuce goma a yar da gomar. Mutum ɗaya ne ke riƙe da banki, wato shi ke ajiye kuɗi, sauran jama'a su kara da shi. Le Chiffre, mugun labarin, ya ci amanar kuɗin wata ƙungiyar ƙwadago da Rashawa ke juyawa, don haka ya sayi kujerar banki ya na neman cike giɓin kafin iyayen gidan sa su farga.

Me ya sa ya zaɓi kujerar banki? Ka ga, mai banki shi ke yanke shawara daga ƙarshe. In abokin karawar sa ya nemi kati na uku, a buɗe ake ajiye masa, mai banki ya gani, sannan ya san ko zai ja nasa ko zai tsaya. Wannan 'yar fifikon ba ta da yawa, amma ta na nan. A irin bakarar da ake bugawa yanzu a gidajen caca, ɓangaren banki na cin kusan kashi 45.9 cikin ɗari na wasanni, ɗaya ɓangaren kashi 44.6, ragowar kunnen doki. Shi ya sa gidan ke yankar la'adar kashi 5 daga wanda ya ci ta ɓangaren banki, ta yadda ko ta ina ka zuba, gida na da ribar sama da kashi 1 a kan ka. Kashi ɗaya tal, amma a hankali a hankali ƙaya ke shiga ƙafa.

Haɗarin kujerar kuma shi ne, in mai banki ya ci ya bar kuɗin a tebur, ninkawa su ke yi, kuma mai ƙarfin aljihu guda ɗaya na iya cewa shi zai kara da duka. Abin da Bond ya je yi kenan. Fleming bai ɓoye komai ba, har zaunar da Bond ya yi ya koya wa Vesper dokar wasan a wurin cin abinci, don kai mai karatu ka iya lissafi da kan ka. Bond ya bi bankin har aljihun sa ya yi fayau, sai da Felix Leiter, ɗan leƙen asirin Amurka, ya turo masa faran miliyan 32 a ambulan. A karawar da ta karya Le Chiffre, Bond na riƙe da sarauniya biyu, wato sifiri, ya ja 9. Le Chiffre na da 3, ya ga taran nan a buɗe, ya ja 5, ya zama 8. Tara ta kayar da takwas. Ba wanda ya ce wayo ne. Sa'a ce, kuma littafin ya kira ta da sunan ta.

To me ya sa fim ya sauya? Kasuwa ce, malam. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbi ta intanet ya lashe babbar gasar foka ta Las Vegas, ya tafi da dala miliyan 2.5, daga nan foka ta cika talabijin a Amurka da Turai. Furodusoshi sun san inda 'yan kallo su ke. Ban ga laifin wannan ba. Foka ma ta fi bakara dacewa da kyamara, tunda wasa ne na kallon fuska da yaudara da cika baki. Sai dai a wannan fokar babu mai banki. Mutum goma ne, kowa ya zuba dala miliyan 10, mai son sake shiga ya ƙara miliyan 5, kowa na farautar kowa. Le Chiffre ya tashi daga mai riƙe da ƙofa ya koma ɗaya daga cikin goma.

Fim ɗin ya yi alƙawarin biyan mu da wani abin. Bond ya gaya wa Vesper cewa a foka mutumin da ke gaban ka ka ke karantawa. An nuna mana Le Chiffre na taɓa gefen idon sa in ya na burga, daga baya ya yi amfani da wannan alama ya ɗana wa Bond tarko, ya share shi da jak huɗu. Wallahi wannan fitowar ta yi kyau, ita ce foka ta gaske a duk fim ɗin. Sai ka gyara zama ka na jiran ramuwa da irin wannan makami.

Ga abin da aka ba mu. Kati biyar na tsakiya: as biyu, 8, 6 da 4, huɗu daga ciki masu baƙar alamar nan mai kamar bakin mashi. Mutum huɗu su ka rage. Na farko ya haɗa biyar masu alama ɗaya. Na biyu ya haɗa takwas uku da as biyu. Le Chiffre ya haɗa as uku da shida biyu. Bond kuwa ya buɗe 5 da 7 na wannan alama, ya jera 4 zuwa 8 ba tsallake. Irin wannan jeri, cikin kati bakwai, bai kai sau ɗaya cikin 3,000 ba ya ke zuwa, balle a ce a rabo guda mutum uku sun riƙe manyan hannuwan da za su sa su tura duk abin da su ka mallaka. Kuma tun da aka buɗe kati na huɗu babu abin da zai iya kayar da Bond. Ina karatun fuska a nan? Ko yaron da ya fara karta jiya aka ba wannan hannu, shiru kawai zai yi ya kwashe. Shi ma Le Chiffre bai yi wauta ba, hannu biyu kacal ne ke iya doke nasa, kowane gwani zai bi.

Kuma tsohon zance ne. Tun a 1965 fim ɗin The Cincinnati Kid ya rufe da wannan dabara, inda jerin Edward G. Robinson ya kayar da uku-da-biyun Steve McQueen. Amma can jarumin ne aka kayar, darasin ya yi ɗaci. Nan kuwa an ɗauki sa'a an sa mata kwat da nakatayi an ce mana gwaninta ce, kuma matashin da ke kallo da wayar caca a aljihu haka zai karɓa.

Kada ka ce na raina fim ɗin. Craig da Eva Green sun yi rawar gani, hirar su ta cikin jirgin ƙasa ta fi ƙarfin duk abin da ya faru a tebur. Mai banki ɗaya ma ya rage a labarin: Mendel, ɗan Suwizalan mai yawan murmushi, wanda aikin sa kawai ya zo da 'yar jaka, ya ce wa wanda ya ci ya danna lambar sirri.